Gargaɗin da ke cika ekran in kana haɗa modul na Linux: wa ke magana, wanne ne na tsoro

Duk wanda ya taɓa sayen ɗan kile na wifi a kasuwa nan Yamai ya soka shi ga ordinatar mai Ubuntu ko Debian ya san yadda abin ke tafiya. Windows ta gan shi nan take, Linux ko ta yi kamar ba a soka komi ba, sai ka je GitHub ka sauko da direban Realtek da wani bawan Allah ya aje can, ka shiga dosiyen ka buga make, kafin ka ƙifta ido rubutu ya cika ekran yana gudu sama, warning nan warning can. Daga nan mutane kashi biyu ne. Akwai masu rufe mashin su ce Linux wahala ce. Akwai kuma waɗanda sunka fi ba ni tsoro, masu zuwa biɗar layin da za su liƙa cikin Makefile, fishiyen umarnin da make ke bi, ya kashe gargaɗin baki ɗaya, in ekran ya yi tsit sai su ce an gyara.

Abin da ba a faɗa ma mutane tun farko shi ne, rubutun nan ba baki ɗaya ke fitar da shi ba. Akwai make mai jagorantar aikin haɗawa, akwai gcc mai maida kod zuwa harshen mashin, akwai objtool da modpost masu duba abin da gcc ta haɗa, daga ƙarshe kuma kanel, wato zuciyar Linux, ita kanta tana magana sa'ad da ka zo loda modul ɗin, wato direban da ka haɗa. Kowane da irin damuwarshi. In ka gane wa ya yi magana ka ci rabin aikin, don wanda ya fi ihu sau da yawa ba shi da wata illa, wani ko layi guda ne tak a tsakiyar hayaniya kuma shi ne zai daskarar maka da mashin bayan kwana biyu.

Modul dai fishiye ne mai ƙarewa da .ko wanda ake sakawa cikin kanel tana cikin aiki. Ba kamar Firefox ba ne da in ya faɗi sai ka sake buɗe shi. Shi cikin cikin tsarin yake zaune, duk memuwar a buɗe take gare shi, in ya yi kuskure kowa ya shafa. Shi ya sa kanel ba ta bari ka haɗa shi yadda ka ga dama. Layin da ke cikin kusan kowane Makefile na irin waɗannan direbobi shi ne make -C /lib/modules/$(uname -r)/build M=$PWD modules. Wancan -C yana cewa make ta tafi dosiyen headers na kanel, wato fishiyoyin .h masu bayyana fasalin fonksiyon ɗinta, ta yi aiki da Makefile na can da kuma saitin da anka gina kanel ɗinka da shi, shi kuma M= yana cewa ga inda kod ɗina yake. Ke nan dokokin da gcc ke bi wajen duba kod ɗin na kanel ne, mai direban bai zaɓe su ba, kai ma haka. Kod ɗin da ya wuce lafiya lau a 2019 zai iya tara gargaɗi ɗari yau ba tare da an taɓa ko harafi guda a cikinshi ba.

Kafin ma ka shiga wannan duka, buga lsusb ka ga ainihin abin da ke cikin kile ɗin. Tun kanel 6.2 direban rtw88 da ke cikin Linux ya fara ɗaukar wasu na USB irin su 8821CU da 8822BU, to in naka na ciki wataƙila firmware, ɗan kod ɗin da ake loda ma kile ɗin kanshi, kawai ka rasa, ba ka buƙatar haɗa komi. Mutane da yawa na ƙona forfe ɗinsu a banza wajen bin bayanin da anka rubuta shekara shida baya.

In dai dole sai an haɗa, to ka kama rubutun cikin fishiye: LANG=C make 2>&1 | tee make.log. LANG=C ɗin don galibin mashinanmu cikin Faransanci suke, make sai ta riƙa ba ka saƙonta da Faransanci, in ka kwafa ka biɗa a intanet amsa kaɗan za ka samu. Kuma kar ka sa -j lokacin bincike, yana cakuɗa layukan fishiye daban-daban. Sannan ka karanta daga SAMA. Layukan ƙarshe masu cewa Error 1 da Error 2 ba su ɗauke da wani bayani, make ce ke sanar da cewa wani abu ya lalace can baya, amma su ne kowa ke ɗauka hoto ya turo cikin gurup yana cewa a taimaka mishi. In ta DKMS abin ya bi, wato tsarin da ke sake haɗa modul da kanshi duk sa'ad da sabuwar kanel ta zo, cikakken rubutun na nan cikin /var/lib/dkms, ƙarƙashin sunan modul da lambarshi, build/make.log.

Saƙonnin make ba su da wuya. Clock skew detected yana nufin agogon mashin da lokacin da ke kan fishiyoyin ba su jitu ba, make ta ga fishiyen da anka taɓa a lokacin da bai zo ba tukuna. Wannan ya yi yawa wajenmu saboda dalili biyu: tsoffin mashinan da ake kawowa batirin agogonsu ya mutu, sai kuma masu Windows da Linux a mashin guda, don Windows na aje agogo da lokacin gari ita ko Linux da UTC, Nijar kuma tana gaban UTC da awa guda. Gyara agogo, ka bi fishiyoyin da touch, make clean, ka sake. Sai kuma masu buga sudo make. Sudo ba ya wucewa da PWD, wato hanyar dosiyen da kake ciki, to in Makefile ɗin $(PWD) ya dogara gare shi sai M= ya tashi fanko, make ta ɗauka kanel ɗin gaba ɗaya kake son ginawa, ta fara kuka kan fishiyoyin da ba ka taɓa jin sunansu ba. Haɗawa ba ta buƙatar sudo, sai wajen girkawa. Haka in sunan dosiye na da sarari a tsakiya, cire shi. In kuma ka ga SUBDIRS= cikin Makefile to tsohon yayi ne, an cire shi tun kanel 5.4, maida shi M=.

Akwai wani da ke fitowa can farko yana tada hankali: the compiler differs from the one used to build the kernel, sai ya jera layi biyu, gcc da anka gina kanel da shi da wanda kake aiki da shi. Karanta su da kyau. Sau da yawa lambar ɗaya ce, suna ne kawai ya bambanta, ɗaya x86_64-linux-gnu-gcc-12 ɗaya gcc-12, wannan ka wuce abinka. Inda yake cizo shi ne in babbar lambar ta bambanta. Misali sananne Ubuntu 22.04: gcc ɗinta na asali 11 ne, amma sabbin kanel da ta riƙa turowa irin 6.5 da gcc 12 anka gina su, sai a miƙa ma gcc 11 zaɓin -ftrivial-auto-var-init=zero wanda bai san da shi ba, ya tsaya cak. Magani ka girka gcc-12 ka buga make CC=gcc-12. cat /proc/version zai gaya maka da wanne anka gina taka.

Yanzu gcc, inda mafi yawan rubutun ke fitowa. Dole a fahimci abu guda: Linux ta yi alkawarin ba za ta karya manhajojin da ke gudana a samanta ba, amma cikin gida ba ta yi ma kowa alkawari ba. Greg Kroah-Hartman ya rubuta takarda guda kan haka tana nan cikin kundin kanel, hujjarshi ita ce in direbanka na cikin kanel duk wanda ya canza wata fonksiyon shi zai bi ya gyara maka, in kana waje kuwa kai ka sani. To direban kile ɗinka a waje yake. A 5.6 proc_create ta daina karɓar file_operations ta koma proc_ops. A 6.4 class_create ta zubar da THIS_MODULE da ake ba ta a farko. A 6.8 an share strlcpy, sai strscpy. Duk irin wannan zai fito maka da implicit declaration of function, ko incompatible pointer type, ko too many arguments, kuma kanel ta ɗauki waɗannan a matsayin kuskure mai tsaida aiki. Daidai ta yi. Abin da nake roƙo don Allah kar a yi shi ne a tilasta ma gcc ta yi shiru ta hanyar sauya ma pointer ɗin (adireshin wuri a memuwar) riga, ko a sa -Wno-error. Zai haɗu, e, amma kanel za ta je biɗar fonksiyon ɗin karatu a gurbin da ka aje wani abu daban, ta kira shi, mashin ya tafi. Gyaran gaskiya shi ne ka buɗe header ɗin cikin dosiyen build/include ka ga sabon fasalin, ka rubuta kod biyu ka raba su da #if LINUX_VERSION_CODE >= KERNEL_VERSION(5,6,0). Masu Red Hat da danginta su yi hattara, su suna ɗauko sabbin abubuwa su zuba cikin kanel mai tsohuwar lamba, gwajin lambar na iya yaudararsu. Kuma gaskiya kafin ka zauna gyara da hannu, duba ko wani ya riga ya gyara a wani reshen direban, galibi an yi.

Wani da ya kama mutane kwanan baya: a 6.15 an daina kula EXTRA_CFLAGS. Direbobin Realtek da yawa da shi suke nuna inda nasu headers suke, sai kawai ka ga drv_types.h: No such file or directory alhali ga fishiyen nan kana kallonshi. Sauya EXTRA_CFLAGS zuwa ccflags-y cikin Makefile.

Sai tarin hayaniya. no previous prototype for ya fara zuba tun 6.8 da anka kunna shi ga kowa, yana iya fitowa sau ɗaruruwa a direba guda, ma'anarshi fonksiyon ce da ya kamata a sa mata static ko a ambace ta cikin header. ISO C90 forbids mixed declarations a tsoffin kanel, unused variable, duk tsabtar kod ce. In ba kai ke riƙe da direban ba, bar su. this statement may fall through yana tsaka-tsaki, galibi da gangan anka yi, amma wani lokaci break ne anka manta, leƙa layin ba zai ci maka minti ɗaya ba. Sai dai in an gina kanel ɗinka da CONFIG_WERROR, wanda ya shigo a 5.15 cikin 2021, ƙaramin gargaɗi ma zai iya tsaida aiki, a nan kam halal ne ka sassauta wancan guda ɗaya da sunanshi cikin ccflags-y. Guda ɗaya na ce. -w da ke rufe bakin gcc gaba ɗaya ba shi da gurbi.

Don cikin hayaniyar nan ne na tsoron ke ɓuya. the frame size of 1040 bytes is larger than 1024 bytes, ko wata lamba makamanciya: kowane aiki cikin kanel ɗan wuri ƙanƙane gare shi na aje kayan fonksiyon, kilobayit 16 a x86 mai bit 64, 8 a yawancin masu bit 32, kuma ba ya ƙaruwa. In ya zarce da kaɗan kamar misalin nan ba abin tashin hankali ba ne, amma in ka ga 4000 ko 8000 to wani ya aje babban buffer inda bai kamata ba, a maida shi kmalloc, wato a roƙi kanel ta ba shi wuri daban a memuwar. Sai ignoring return value of copy_from_user: fonksiyon ɗin na maido adadin abin da ta kasa kwafowa, in ba a duba ba direban zai ci gaba da aiki da shara yana zaton bayani ne, kuma ta irin ƙofar nan ake shiga a karɓe mashin.

modpost shi ne mai zuwa bayan gcc ta gama, za ka ga layin MODPOST. Aikinshi ya duba duk sunan da modul ɗinka ke kira daga waje ya tabbatar akwai mai ba da shi. Rajistar da yake dubawa ita ce Module.symvers. In ya ce "wani_suna" undefined! to kar ka yi gaba, a tsoffin kanel gargaɗi ne kawai .ko ya fito sannan insmod, mai loda modul, ya ce Unknown symbol in module, a na yanzu kuskure ne kai tsaye. Buga grep da sunan cikin Module.symvers na dosiyen build. In babu shi, ko dai an kashe sashen a saitin kanel ɗinka, ko kuma fonksiyon ɗin na nan amma ba a fitar da ita ga modul ba, kamar kallsyms_lookup_name da anka rufe tun 5.7. Ganin suna cikin /proc/kallsyms ba ya nufin an ba ka izinin kiranshi. In kuma sunan daga wani modul naka ne da ka haɗa a wani dosiye, nuna ma modpost nashi Module.symvers da KBUILD_EXTRA_SYMBOLS, cikakkiyar hanya daga tushe, ko ka haɗa su biyun ƙarƙashin Makefile guda. Masu wasa da Raspberry Pi mai bit 32 kuma in sunka ga __aeabi_uldivmod, ko __udivdi3 a tsohon PC, rabawa ce ta lamba mai bit 64 da alamar / kai tsaye, kanel ba ta ɗauke da wannan, sai div_u64 ko do_div. Akwai KBUILD_MODPOST_WARN=1 mai maida kuskuren gargaɗi, amma sunan da babu shi babu shi ne, ɗage faɗuwar kawai ka yi zuwa lokacin lodi.

In modpost cewa ya yi Module.symvers ɗin kanta is missing, galibi mutum ya sauko da kod ɗin kanel ne ya buga make modules_prepare ya tsaya nan. Wannan ba ya samar da fishiyen, sai an gina kanel ɗin sosai. Ga mai Ubuntu ko Debian hanya mai sauƙi ita ce linux-headers-$(uname -r), ga mai Fedora kernel-devel. Muhimmancinta shi ne in an kunna CONFIG_MODVERSIONS kowane suna na da lambar tantancewa a ciki, in babu su ko ba su dace ba kanel za ta ƙi modul ɗin ta ce disagrees about version of symbol.

Lasisi ma modpost ke kula da shi. Rashin MODULE_LICENSE da can gargaɗi ne, yanzu kuskure. GPL-incompatible module uses GPL-only symbol kuma yana nufin ka taɓa abin da anka fitar da EXPORT_SYMBOL_GPL alhali modul ɗin bai ce shi GPL ne ba. In kod ɗinka ne kuma ka yarda, rubuta GPL. In na wani kamfani ne, canza layin ba hurumin ka ba ne. Wanda ke cewa uses symbol from namespace but does not import it layi guda ne maganinshi, MODULE_IMPORT_NS, sai dai daga 6.13 sunan cikin alamar zance ake sa shi.

Wanda na fi so a tsaya a kai shi ne section mismatch in reference, don shiru-shiru gare shi kuma .ko na fitowa lafiya. Fonksiyon ɗin da anka yi ma alamar __init ana aje ta a wani sashe na daban, da zarar modul ya gama tashi kanel na kwashe sashen ta ba wasu wurin. Kamar rumfar buki ce, an watse an kwance an maida ma mai haya, kai kuma ka zo washegari da katin gayyata ka zauna tsakiyar titi. In fonksiyon ta yau da kullum, misali probe da ake kira duk lokacin da ka soka kile, tana kiran mai __init, to ranar farko komi zai yi aiki in kile ɗin na soke tun kafin lodi, ranar da ka zare ka maida sai kanel ta yi tsalle cikin wurin da ya riga ya zama na wani. Saƙon na faɗin sunayen biyu, mai kira da wanda anka kira. Cire __init daga na biyun, shi ke nan.

Skipping BTF generation due to unavailability of vmlinux kuwa, wanda kusan kowa ke tambaya a kai, ba komi ba ne. Bayanin bincike ne na masu aiki da BPF, pakitin headers ba ya zuwa da vmlinux, fishiyen kanel ɗin kanta, shi ya sa anka tsallake, wifi ɗinka ba ruwanshi. Na objtool, irin 'naked' return found da ya bayyana bayan gyaran Retbleed na 2022, yawanci daga guntun kod ne da kamfani ya riga ya haɗa ya rufe, kamar na Broadcom. Ba ka da yadda za ka gyara abin da ba ka da kod ɗinshi, sai jiran sabon fitowa.

Saura lokacin lodi, nan dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, ne abokinka don insmod gajeren baki gare shi. Invalid module format kusan kullum yana nufin an haɗa don wata kanel daban: ka yi mizajur, sabbin headers sun sauka, ba ka sake tada mashin ba, ko akasin haka. Gwada modinfo -F vermagic kan .ko ɗin da uname -r, dole kalmar farko ta vermagic, wato lambar kanel, ta zama ɗaya da ta uname -r harafi da harafi. Kuma duk sabuwar kanel sai an sake haɗawa, dalilin da Dell ta ƙirƙiro DKMS ke nan. loading out-of-tree module taints kernel tambari ne kawai don masu karɓar rahoton matsala su san akwai baƙon kod a ciki. In ka duba /proc/sys/kernel/tainted ka ga 12288, to 4096 na modul ɗin waje ne, 8192 na rashin sa hannu na lantarki a kan modul ɗin.

Inda sa hannun ke zama dole shi ne in Secure Boot, kariyar da ke hana loda kod marar sa hannu, na kunne, sai ka ga Key was rejected by service ko da an haɗa ba gargaɗi ko ɗaya. Ko ka kashe shi cikin BIOS, ko ka yi makullinka ka shigar da mokutil --import, ka sa ma modul hannu da scripts/sign-file, DKMS na Ubuntu ma yana yin sa hannun da kanshi. mokutil zai nemi ka zaɓi kalmar sirri, in ka sake tada mashin wani shuɗin ekran ya fito ya tambaye ka ita. Ekran ɗin nan da tsarin QWERTY yake karanta madannai, mu kuma yawancin mashinan da ke hannunmu AZERTY ne, sai mutum ya buga daidai a ce mishi ba daidai ba. Zaɓi kalmar da babu a, q, z, w ko m a cikinta, haruffa zalla ba lamba, za ta shiga a bugun farko.